Mudu a kan mudu: amsa ga Hajiya mai sola a rufin gida

Wata Hajiya ce, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Amurka, ta aiko da tambayar. Shekara uku ke nan da ta ɗora farantan sola a rufin gidanta, a kan za ta riƙa biyan kuɗinsu wata-wata har shekara 20. Yanzu kamfanin wutar jiharsu ya shigar da buƙata gaban hukumar da ke ƙayyade farashin lantarki, yana so a soke tsarin nan da Turawa ke kira net mitarin, wato a cire wutar da mai sola ya tura wa layi daga wadda ya sha kafin a caje shi. Maƙwabtanta masu sola sun kawo mata takardar koke ta sa hannu. Ita kuwa wata abokiyar aikinta mai zaman haya ta ce mata masu sola da gumin talaka suke ci, tunda sun rage biyan kuɗin wuta sun bar marasa hali da ɗawainiyar layi. Maganar ta tsaya mata a rai. Tana tambaya ko ta sa hannu, ko kuwa haƙƙin wani take ci ba ta sani ba. Ta kuma ƙara da cewa tana son yi wa gidan mahaifiyarta a Kano irin wannan haɗin.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ki sa hannu. Amma ina so ki sa kina sane da abin da kike karewa, domin abu biyu ne ake ɗaurewa a ƙulli ɗaya cikin irin wannan rigima, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na ɗauki shekaru ina aikin haɗa sola da layin wuta da bin lissafin mita, kuma yawancin ruɗanin da na gani daga cakuɗa abubuwan nan biyu yake tasowa.

Mu fara da mitar kanta. Ranar da na fara ganin abin da idona, a gidan wani dattijo ne mai tsohuwar mita, irin mai faifan alminiyom ɗin nan da ke juyawa a bayan gilashi. Wajen ƙarfe 11 na safe muka kunna inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantan irin wadda gida ke amfani da ita. Faifan ya rage gudu, ya tsaya cak, sai ga shi yana juyawa baya. Dattijon ya ƙwala wa matarsa kira, suka tsaya a rana suna kallo, ba wanda ya ce uffan. Abin da ke faruwa shi ne rufin yana samar da wutar da ta fi ƙarfin firij da fitilun gidan, rarar kuwa ta bi waya ta fita. Ba ta tafiya nesa. Gidan maƙwabci take shiga, wanda suke taransifoma ɗaya, shi kuma ya biya kamfani cikakken kuɗinta a ƙarshen wata. Da dare rana ta faɗi, mitar ta koma juyawa gaba. A ƙarshen wata a cire abin da kika bayar daga abin da kika karɓa, ki biya ragowar. Tsarin ke nan kaf: kin kai mudu rumbun kamfani da rana, kin ɗebi mudu da dare. Mitocin zamani ba su da faifai, lambobi biyu suke ajiyewa, na shiga da na fita, amma lissafin bai sauya ba.

Abin da kamfanoni ke nema a madadinsa shi ne su sayi naki da farashin sari, su sayar miki da nasu da farashin kanti. Ga misali da lambobin da na ƙaddara don sauƙin fahimta, ke sai ki saka na bil ɗinki. A ce rufinki ya samar da yunit 900 a wata, kin sha 400 nan take, 500 sun fita, da dare kuma kin jawo 600 daga layi, kowane yunit senti 15. A tsarin mudu a kan mudu, yunit 100 za ki biya, dala 15 ke nan. In aka ce za a sayi naki senti 4, sai ki biya dala 90 na abin da kika jawo, a cire miki dala 20, saura 70. Bambancin dala 55 ne a wata, 660 a shekara, sama da dala 11,000 a shekara 17 ɗin da suka rage miki na biyan farantan. Kuɗin wata-watan da kika sa wa hannu kuwa ko sisi ba zai ragu ba.

Nan ne abu na farko, wato alkawari. Ba ki hau rufi da ka ba. Hukuma ce ta shimfiɗa ƙa'ida, kamfani ya ba ki takardar izinin haɗawa, kika yi lissafi a kan wannan ƙa'idar kika ɗaure wuyanki da biya na shekaru. Alkawari kaya ne. Wanda ya sauya miki lissafi bayan kin riga kin kashe kuɗi, ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma a kan wannan ba na yarda da ciniki ko kaɗan.

An taɓa gwadawa, kuma labarin ya isa darasi. A watan Disamba na 2015 hukumar farashin lantarki ta jihar Nebada ta amince da sabon tsari ga kwastomomin kamfanin NV Energy. Kuɗin tsayayye na wata, wanda ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba, zai tashi mataki-mataki daga dala 12.75 zuwa 38.51 ga masu sola a kudancin jihar, kuɗin rarar da suke turawa kuma zai sauko daga kusan senti 11 zuwa ƙasa da 3. Babban abin da ya tayar da ƙura shi ne an haɗa har da waɗanda suka riga suka ɗora farantansu. Cikin 'yan makonni kamfanonin haɗa sola, SolarCity da Sunrun da Vivint, suka dakatar da aiki a jihar, SolarCity kaɗai ta sanar da rage ma'aikata 550. Mutanen da suka zuba kuɗin fanshonsu a rufi suka cika harabar hukumar. A watan Satumba na 2016 aka mayar wa kusan mutum 32,000 tsohon tsarinsu na tsawon shekara 20, sannan a watan Yuni na 2017 Gwamna Brian Sandoval ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsarin ga sababbin shiga, a kan kashi 95 cikin 100 na farashin kanti, yana sauka a hankali zuwa 75 gwargwadon yadda masu sola ke ƙaruwa. Shekara ɗaya da rabi aka ɓata, ayyukan mutane suka salwanta, kafin a dawo inda hankali zai kai kowa tun farko. Tun daga nan hukumomin sauran jihohi suke taka-tsantsan da taɓa tsofaffin masu sola, amma taka-tsantsan ɗin bai faɗo daga sama ba, mutane ne irin maƙwabtanki suka tilasta shi.

Abu na biyu shi ne farashi ga masu zuwa nan gaba, kuma a nan abokiyar aikinki tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata ki yi watsi da ita ba. Kuɗin yunit ɗin da ke kan bil ba na wutar kaɗai ba ne. A cikinsa aka cusa kuɗin falwaya da waya da taransifoma, da albashin masu fita gyara cikin guguwa. Ke da dare kina amfani da duk waɗannan kamar kowa. In bil ɗinki ya sauko kusan sifili, wani ɓangare na kasonki na kula da layi zai iya komawa kan wasu a zagayen ƙarin farashi na gaba. Wannan ba ƙarya ba ce.

Tambayar ita ce nawa ne, kuma a ina. A 2017 cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Bakali, wato Lawrence Berkeley, ta duba wannan, ta tarar a mafi yawan jihohi da kamfanoni masu sola ba su kai yawan da za su motsa farashin wuta ba, tasirin bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta shi da tashin farashin gas ko kuɗin sababbin gine-ginen kamfani. Inda maganar ke da nauyi shi ne wuraren da sola ta cika rufi, kamar Hawayi, wadda ta rufe tsarin ga sababbin shiga a watan Oktoba na 2015 lokacin da fiye da gida ɗaya cikin goma ke da sola, da kuma Kalifoniya. Dalilin kuwa duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san shi. Mudun gero na kaka da mudun gero na tsakiyar damina awonsu ɗaya, darajarsu ba ɗaya ba. In gida ɗaya ne a unguwa ke kawo rara da azahar, kamfani na maraba da ita. In rabin gari ne ke kawowa a lokaci ɗaya, tsakar rana ta zama kaka, wuta ta yi arha har a rasa inda za a kai ta, sannan da magariba kowa ya dawo gida ya kunna na'urori a daidai lokacin da rana ta ɓuya, dole a tayar da injinan gas masu tsada. A irin wannan wuri mudu a kan mudu ya fara zama kawo na kaka a karɓi na damina. Saboda haka tambayar farko da za ki nemi amsarta ita ce kashi nawa cikin 100 na gidajen jiharku ke da sola. In ɗaya ne ko biyu, to hujjar an aro ta ne daga wata jiha, ba ta ku ba ce tukuna.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa abokiyar taki ba. In ita ta sayi firij mai ƙarancin shan wuta, ko ta tafi gida hutu wata biyu ta kulle ɗaki, ita ma kasonta na kula da layi ya ragu, kuma ba wanda zai ce ta ci haƙƙin wani. Sannan wutarki tana da amfanin da kamfani ba ya son sakawa a sikeli. Wajen kashi 5 cikin 100 na lantarkin Amurka a hanya yake zubewa tsakanin tashar samarwa da gidaje, taki kuwa taku kaɗan take yi ta isa. A ranakun tsananin zafi, lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki ke neman durƙusar da layi, rufinki yana rage masa kaya. Kowane kilowat da kika gina da kuɗinki, kilowat ne da ba sai an gina da kuɗin jama'a ba.

Wannan na ƙarshen shi ne gaɓar da ke yi wa kamfanonin ciwo, kuma ya kamata ki fahimce ta ba tare da kin ɗauke su mugaye ba. Kamfanin wuta mai masu hannun jari a Amurka ba daga sayar da wutar yake samun asalin ribarsa ba. Hukuma ce ke ba shi damar cin riba, yawanci wajen kashi 9 zuwa 10 cikin 100, a kan jarin da ya zuba a gine-gine, wato tashoshi da layuka. Duk abin da ya rage buƙatar gini ya rage riba. Tun a watan Janairun 2013 ƙungiyar waɗannan kamfanoni, Edison Electric Institute, ta fitar da rahoto tana gargaɗin 'ya'yanta cewa solar rufi na iya yi musu abin da wayar hannu ta yi wa kamfanonin wayar tangaraho. Mu da muka ga yadda NITEL ta ƙare bayan shigowar wayar salula, mun san irin tsoron. Jihar Minesota ta yi dokar tsarin nan tun 1983, aka yi shekaru kusan 30 ba wanda ya ɗaga murya, sai da farantan suka yi arha talaka ya fara iya saye. Don haka in kamfani ya zo yana kuka a madadin masu haya, a saurare shi, amma a tuna mai ƙara ne, ba shaida ba. Lissafin ya kamata wani mai zaman kansa ya yi shi a bainar jama'a, a saka amfani da ɗawainiya duka. Ba abu ne mai wuya ba: birnin Ostin na Tekzas ya fara biyan masu sola bisa irin wannan lissafi a 2012, Minesota ta tsara nata a 2014.

Kalifoniya ta fi kowa nuna yadda abin ke kaya, daɗinsa da ɗacinsa. A watan Disamba na 2021 hukumarsu ta fito da shawarar ɗora wa masu sola dala 8 a wata kan kowane kilowat na farantansu, wato mai kilowat 6 ya biya dala 48 kafin ya kunna ko fitila. Jama'a suka yi ca, aka janye wannan. Ranar 15 ga Disamba, 2022 aka amince da sabon tsari wanda ya zabtare kuɗin rara da kusan kashi 75 cikin 100 ga masu shiga daga tsakiyar Afrilun 2023, aka bar gidaje kusan miliyan ɗaya da rabi da suka riga suka haɗa a kan tsarinsu na shekara 20. Alkawari ya tsira. Sababbin masu sola kuma suka koma sayen batir, su tara na rana su sha da magariba, wato kowa ya gina rumbunsa, kuma ta fuskar injiniya wannan alheri ne ga layi. Amma kasuwar ta faɗi warwas a shekarar da ta biyo baya, ƙananan masu haɗa sola da yawa suka rufe shago. Abin da ya fi damuna shi ne batir dubban daloli ne. Masu kuɗi sun shiga tun ƙofa na buɗe, da layi ya zo kan ma'aikacin asibiti da direban bas sai aka ɗaga kuɗin shiga, kuma da sunan kare su aka yi. Ki gaya wa abokiyarki wannan. Abin da zai amfane ta shi ne a buɗe gonar sola ta unguwa wadda mai haya zai sayi kaso a ciki a rage masa bil, kamar yadda jihohi da dama ke yi. Ku nemi a saka wannan a cikin koken, sai ku zama ɓangare ɗaya.

Kada kuma ki ɗauka maganar jam'iyya ce. A Fulorida kamfanonin wuta sun kashe sama da dala miliyan 20 a 2016 kan wata ƙuri'ar raba gardama da aka yi wa ado kamar ta goyon bayan sola, masu zaɓe suka gano, ba ta kai kashi 60 ɗin da ake buƙata ba. A 2022 majalisar jihar ta zartar da dokar rage tsarin, Gwamna Ron DeSantis ya hau kujerar na-ƙi a watan Afrilu, yana kafa hujja da tsadar rayuwa. Shi da Sandoval na Nebada duk 'yan Rifablikan ne. Yanzu ma da rangwamen harajin tarayya na kashi 30 cikin 100 ga masu sayen solar gida ya ƙare da ƙarshen 2025, abin da jihohi ke yankewa kan mita ya ƙara nauyi.

Ga abin da zan so ki yi a makon nan, kafin ma takardar koken. Ki nemo yarjejeniyar haɗawa da layi da wasiƙar izinin kunnawa da kamfani ya ba ki, ki duba kwanan watan, don daga ranar ake ƙirga shekarun kariya in akwai. Ki karanta ko an rubuta adadin shekaru, da ko kariyar tana bin gidan in kin sayar. Kada ki ƙara faranti ko ɗaya sai kin tambaya a rubuce, domin a Kalifoniya ƙarin da ya wuce kilowat ɗaya ko kashi 10 cikin 100 yana fitar da mutum daga tsohon tsari, kuma wasu jihohi na da irin wannan tarko. Sannan ki buɗe buƙatar kamfanin da kanki a shafin hukumar, ki nemi shafin da ke maganar kuɗin tsayayye na wata. Sau da yawa ana barin sunan tsarin yadda yake, a shigo ta bayan gida a ninka wannan kuɗin, sakamakon kuwa ɗaya ne.

Sa hannu a koke yana da amfani, amma wasiƙar da kika rubuta da kanki ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Hukumomin nan kamar kotu suke aiki, kowace buƙata da lambarta, kuma abin da aka shigar ƙarƙashin lambar shi ke zama hujja. Na taɓa zama a irin wannan sauraro, lauyoyi suka yi ta jero alƙaluma, kwamishinoni na ta duba agogo. Sai wata tsohuwa ta tashi da takardu biyu a hannu, bil ɗinta da takardar biyan farantai, ta karanto abin da take biya yau da abin da za ta biya in an sauya, ta faɗi kuɗin fanshonta, ta zauna. Minti biyu ba ta cika ba, amma na ga biro ya fara motsi a kan teburin. Ke ma ki yi haka: lambobinki, shekarun da suka rage miki, da buƙatu uku, wato a bar tsofaffi a kan tsarinsu aƙalla shekara 20 tare da gidan, a yi bincike mai zaman kansa kafin a taɓa farashi, in kuma za a rage wa sababbi a yi shi mataki-mataki da sanarwa tun da wuri. Yawancin jihohi suna da ofishin lauyan masu amfani da wuta, wanda da kuɗinku ake biyansa, ki aika masa kwafi. A gida kuma ki fara mayar da wanki da injin wanke kwanuka zuwa tsakar rana, don yunit ɗin da kika sha kai tsaye daga rufinki ba hukumar da za ta iya rage masa daraja.

Batun gidan Hajiya babba a Kano kuwa, lissafin daban ne. Tsarin nan yana buƙatar layi mai rai, domin an ƙera inbata ta daina tura wuta waje da zarar an ɗauke, don kada ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara. Unguwar da ake ɗauke wuta da rana, rumbun a kulle yake a daidai lokacin da kike da hatsin kaiwa. Ga shi kuma miliyoyin gidaje a Najeriya ko mita ba su da ita, bil na ƙiyasi ake kawo musu. Saboda haka can batir shi ne gaba, a auna farantan daidai da abin da gidan ke sha da abin da batir zai ɗauka. Ki ja kunnen mai haɗawar ya saita inbata kada ta tura ko yunit ɗaya kan layi, domin mitocin kati da yawa ba su bambance shiga da fita, rarar da ta fita sai su cire ta daga kuɗin da aka saka kamar an sha.